Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Mai Mala Buni: A Rubuta Sunayen Ɗaliban Gujba, A Tsare Na Bayansu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamna, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ka ɗauka. Ni malami ne a ɗaya daga cikin makarantun kwana na wannan jiha tamu ta Yobe. Na rubuto da bakina da bakin wasu abokan aikina malamai, da masu gadi da masu dafa abinci waɗanda muke kwana a harabar makaranta tare da 'ya'yan mutane, da kuma wasu iyaye da muke zaune unguwa ɗaya da su, waɗanda suka tura yaro karatu aka dawo musu da gawa. Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaba ko sakatare. Abin da ya haɗa mu shi ne duk dare muna kwana da tunani iri ɗaya.

Ranar 29 ga Satumba ta sake zuwa ta wuce. A makarantarmu an yi taron safe kamar kullum, an duba farce da tufafi, an shiga aji. Da na tambayi 'yan aji shida abin da ya faru a Gujba a irin wannan rana, sai suka yi ta kallon juna. Chibok sun sani, Dapchi sun sani, domin rediyo ya riƙe musu su. Gujba kuwa a wurinsu sunan gari ne a kan hanyar Biu. Ban ga laifinsu ba, lokacin da abin ya faru yawancinsu ba su fara zuwa makaranta ba. Mu manya da muka gani da idonmu, mu ne ya kamata mu ajiye musu labarin, kuma gwamnati ce babba a cikin manya.

Ranka ya daɗe, ba ni zan ba ka labarin Gujba ba. A Buni Gari aka haife ka, ƙaramar hukumarku ce, mutanen da suka kwashi gawarwakin nan ka san da yawansu da suna. Amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in faɗa saboda masu karatu. Daren Asabar wayewar Lahadi, 29 ga Satumba 2013, wajen ƙarfe ɗaya na dare, 'yan Boko Haram suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a motoci da babura. Ɗakunan kwanan maza suka nufa. Sun harbi wasu a kan shimfiɗarsu, wasu an fito da su waje an harbe, wasu kuma harsashi ya same su suna gudu cikin daji. Suka cinna wa azuzuwa wuta. Ɗalibai wajen dubu suka watse cikin duhu. Da gari ya waye aka fara kai gawarwaki Asibitin Ƙwararru na Janar Sani Abacha da ke Damaturu, iyaye suka cika ƙofar asibitin, kowa yana ɗaga mayafi yana duba fuska. Samari ne masu koyon noma da kiwo da kula da lafiyar dabbobi, a jihar da arzikinta gero ne da wake da riɗi da shanu, jihar da kasuwar shanu ta Potiskum take. Kaka ta kama, saura mako biyu Babbar Sallah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu.

Ba a Gujba aka fara ba, kuma ba a nan aka tsaya ba. A watan Yuni na shekarar an kashe ɗalibai bakwai da malamai biyu a makarantar sakandaren gwamnati ta Damaturu. Ranar 6 ga Yuli, ana shirin ɗaukar azumi, aka kashe mutum 42 a makarantar Mamudo kusa da Potiskum, mafi yawansu yara. Bayan Gujba, ba a cika wata biyar ba, ranar 25 ga Fabrairu 2014, aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, a kan titi ɗaya. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 wani ya sa kayan makaranta ya shiga taron safe na makarantar kimiyya ta Potiskum da bam, sama da mutum 40 suka rasu. Sai Dapchi, 19 ga Fabrairu 2018, aka sace 'yan mata 110, biyar ba su dawo da rai ba, Leah Sharibu kuma aka riƙe ta.

Kukanmu na farko shi ne lissafi. Har yau in ka tambayi mutum uku yawan waɗanda aka kashe a Gujba, amsa uku za ka samu. Wani ya ce 40, domin su aka ƙirga a asibiti a ranar farko. Wani ya ce 44. Shugaban kwalejin na lokacin ya gaya wa 'yan jarida cewa za su iya kai 50, domin ana ci gaba da tsintar gawa a daji. Na Buni Yadi ya fi wannan ciwo: hukuma ta ce 29, ma'aikatan asibiti da mutanen gari suka ce 59. Tsakanin 29 da 59 akwai yara talatin, ranka ya daɗe, kuma kowannensu yana da uwa. Makaranta wuri ne da komai a rubuce yake. Ni da nake wannan magana, in fensir ya ɓace a ɗakin ajiya sai an tambaye ni. Kowane ɗalibin Gujba yana da lambar shiga, yana da fayil, ya biya kuɗin makaranta an ba shi rasit. Idan wuta ta cinye takardun kwalejin, ba ta cinye iyaye ba, ba ta cinye abokan ɗaki ba, ba ta cinye masu unguwanni da limaman da suka sallaci gawarwakin ba. Amma waɗannan mutane suna tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Duk shekarar da ta wuce ba a zauna an rubuta ba, wasu sunaye na tafiya da masu riƙe da su.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma na girmama shi: wanda ya mutu ya mutu, addu'a yake buƙata, tone-tone ba ya dawo da shi, kuma addininmu bai san gina gumaka ko raya kaburbura ba. Ba mu nemi gunki ba, ba mu nemi a ɗaga kabari ba. Malamanmu sun san cewa magabata sun rubuta sunayen shahidan Badar da na Uhudu ɗaya bayan ɗaya, har yau ana karanta su a littattafan tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Rubuta sunan wanda aka zalunta da yi masa addu'a da yin sadaka mai gudana da sunansa duk abubuwa ne da muka gada. A Buni Yadi kuma, da yake makarantar haɗin kan ƙasa ce, akwai 'ya'yan Kirista a cikin waɗanda aka kashe, iyayensu ma suna da haƙƙin a ambaci 'ya'yansu a jihar da suka mutu a cikinta.

Kuka na biyu shi ne wanda ya fi hana ni barci, kuma a kansa zan daɗe. Ka dubi waɗannan hare-hare ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ba maharan kaɗai ke maimaita kansu ba.

Lokacin Mamudo an yanke layukan waya a jihar saboda dokar ta-ɓacin da aka kafa a watan Mayun 2013. Gwamnan lokacin, Alhaji Ibrahim Gaidam, da bakinsa ya ce rashin waya ya hana mutane sanar da jami'an tsaro abin da suka gani, ya roƙi a mayar da layukan. Aka rufe makarantun sakandare har zuwa Satumba. Da Satumba ta zo, kwamishinan ilimi ya kira 'yan jarida ya ce a buɗe makarantu, za a kawo sojoji da 'yan sanda su tsare su. Bayan kamar mako biyu aka shiga Gujba, shugaban kwalejin kuma ya ce babu jami'in tsaron da aka ajiye musu. A Buni Yadi akwai shingen sojoji kusa da makarantar, gwamnatin jiha ta ce an janye shi kafin harin, kuma Gwamna Gaidam ya tsaya a cikin tokar makarantar ya ce an yi awa biyar ana kashe yara ba wanda ya kawo ɗauki. A Dapchi ya sake faɗin cewa an janye sojoji daga garin kafin a zo. Sojoji suka ce sun miƙa garin ga 'yan sanda, 'yan sanda suka ce ba wanda ya miƙa musu komai. Ƙungiyar Amnesty ta ce tun da rana mutane suka yi ta buga waya suna cewa ga ayarin motoci nan tafe. Kuma ba a Yobe kaɗai ba: a Maga ta jihar Kebbi, a watan Nuwamban 2025, gwamnan jihar ya ce da ƙarfe uku na dare aka janye sojojin da aka kai makarantar 'yan mata, ba a yi awa ɗaya ba aka shigo, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da yara.

Shekara goma sha biyu tsakanin Gujba da Maga, magana ɗaya ce: an yi alkawari, ko an kawo an ɗauke, kuma wanda yake kwana da yaran shi ne na ƙarshen sani. Ban ce akwai haɗin baki ba, ba ni da hujjar faɗin haka, kuma na san sojoji nawa suka ba da ransu a wannan titi na Damaturu zuwa Biu, tun lokacin da aka fasa gadar Katarko a 2014 har zuwa ƙwato Buni Yadi a 2015. Allah ya saka musu. Kwamanda yana da dalilansa na motsa mutanensa, wataƙila an kira shi wani wuri da wuta ta fi ci. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauke tsaro daga ƙofar makaranta a bar shugaban makarantar yana barci da yara ɗari biyar, yana zaton shinge na nan. Da an gaya masa, ko da awa uku ne kafin magariba, zai iya sallamar yaran, ko ya raba su gidajen gari, ko ya kai su fadar hakimi. An ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Mu a wannan rami an sare mu ya fi sau huɗu, kuma dalilin da ya sa ake maimaitawa shi ne bayan kowane hari ta'aziyya ake yi, a kafa kwamiti, a rufe makarantu, a buɗe, ba a zauna a gaban jama'a an ce ga inda aka yi sake, ga wanda ya kamata ya buga waya, ga dokar da aka kafa don kada a sake ba.

Shi ya sa a wurina tunawa da yaran Gujba da tsare yaran yau aiki ɗaya ne. Jami'in da ya san cewa za a rubuta sunan kowane yaro, a kuma rubuta ƙarfe nawa aka kira shi da ƙarfe nawa ya iso, ba zai yi wasa da kiran shugaban makaranta ba.

Na uku, halin da muke ciki yanzu. Adalci ne in fara da yabo. Ranar da aka rantsar da kai a 2019 ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare, an gina sabbin makarantu, an gyara wasu, kuma rahoton da UNICEF ta fitar a 2024 a kan matakan tsaron makarantu ya ambaci Yobe cikin jihohin da ke samun ci gaba. Amma wannan rahoton dai shi ne ya ce a jihohi goma da aka duba, kashi 37 cikin ɗari na makarantu ne kawai ke da tsarin gargaɗi kafin hari. Mu da muke ciki mun san ma'anar wannan adadi.

Ba zan ambaci sunan makarantar da nake koyarwa ba, don kada wasiƙata ta zama jagora ga mugu. Katangarmu ta gaba tana da kyau, an yi mata fenti, duk baƙon da ya zo ita yake gani. Ta baya kuwa, wadda ke kallon daji kuma take jingine da ɗakunan kwana, ruwan damina ya kayar da wani ɓangarenta, awaki ke shiga da fita. Maigadinmu dattijo ne mai amana, makaminsa sanda da tocila, kuma batirin tocilar daga aljihunsa yake saye. Ɗakunan kwanan ƙofa ɗaya gare su, tagogi duk an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Wanda ya san yadda yara suka ƙone a cikin ɗakuna a Mamudo da Buni Yadi, in ya kalli tagogin nan gabansa sai ya faɗi. Wani dare tayar babbar mota ta fashe a bakin titi. Kafin mu fito daga gidajenmu yara sun ɓarke, suna tattake juna a ƙofa ɗayan nan, wani ya karye a hannu, wasu sai da asuba muka samo su a gonakin mutane. Ba wanda ya taɓa nuna musu inda za su nufa, mu ma malaman ba wanda ya taɓa nuna mana. Na ɗauki waya a daren, na tsaya ina tunanin wa zan kira. Lambar wani ɗan sanda da muka yi makaranta tare na lalubo.

Manyan makarantu kuma matsalarsu daban ce, domin ɗalibansu da yawa ba a cikin harabar suke kwana ba. Kisan Mubi na Oktoban 2012 a unguwar Wuro Fatuji aka yi shi, inda ɗalibai ke haya. 'Yan matan Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumban 2023, daga gidajen haya na Sabon Gida aka kwashe su. Muna da jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Damaturu, muna da jami'a da kwalejin ilimi a Gashuwa, muna da kwalejoji a Potiskum, muna da ta Gaidam kusa da iyaka. Kowaccensu tana da unguwannin da ɗalibai suka cika, kuma katangar makaranta ba ta kai can ba.

Na huɗu, kuɗi. Tun watan Mayun 2014, bayan Chibok, aka ƙaddamar da shirin tsare makarantu a Abuja, 'yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya ta ce za ta ƙara irinsa, kuma Yobe na cikin jihohi ukun da aka ce da su za a fara. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya da aka buɗe a Oslo a 2015, Shugaba Buhari ya rattaba mata hannu a 2019, har Abuja ta karɓi baƙuncin taronta na huɗu a 2021. A ƙarshen 2022 aka fito da tsarin kashe naira biliyan 144.8 tsakanin 2023 da 2026, aka kafa cibiyar kula da tsaron makarantu a ƙarƙashin hukumar Sibil Difens. Waɗannan duk mun ji su a rediyo. Malamin da ke tsaye a gaban rusasshiyar katanga yana da haƙƙin ya tambaya: nawa ne rabon jiharmu, nawa ya iso, a wace makaranta aka kashe shi? Ban zargi kowa da cin ko kwabo ba. Amma in an buga lissafin, mai gaskiya ya huta da zargi, mu kuma mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Na biyar, waɗanda aka bari. Akwai wani dattijo maƙwabcina da ɗansa na cikin yaran Gujba. Shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare, kuma tumaki aka sayar aka biya masa kuɗin shiga. Bayan rasuwarsa uban ya cire ƙannensa duka daga makarantar kwana. Ɗaya yana tuƙa Keke Napep yanzu, macen an yi mata aure ba ta gama aji uku ba. Na je na roƙe shi a kan ƙaramin, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai ya ce da ni, “Malam, na ba da ɗaya, ya isa.” Ban sami abin da zan ce masa ba. Wannan shi ne abin da maharan suka zo nema, kuma a gidaje irin wannan sun samu. Akwai kuma waɗanda suka tsira, yanzu magidanta ne, wasu da harsashi ya bar musu ɗingishi, wasu kuma jikinsu lafiya amma ƙarar salansar babur tana sa su zabura su yi ta rawar jiki. A wurinmu irin wannan ciwo ba a faɗarsa, sai a ce mutum ya cika tsoro ko an yi masa jifa. Likitoci sun san shi, yana da magani, amma sai an je an nemo masu shi, domin ba za su kawo kansu ba.

Ranka ya daɗe, na san sojoji da 'yan sanda ba a hannunka suke ba, daga Abuja ake ba su umarni. Amma kai ke shugabantar majalisar tsaro ta jiha, kwamandoji da kwamishinan 'yan sanda suna zama a teburinka. Kwalejin Gujba ta jiha ce, ma'aikatun ilimi naka ne, hukumar ba da agajin gaggawa taka ce, sarakuna da hakimai suna jin kiranka. Duk abin da za mu roƙa yana cikin ikonka.

Muna roƙon ka kafa ƙaramin kwamiti, ba na manyan mutane masu yawan tafiye-tafiye ba, wanda zai ƙunshi tsofaffin malaman makarantun nan, da wakilan iyaye, da ma'aikatan asibitin da suka karɓi gawarwaki, da malaman tarihi na jami'ar jiha. A ba su wa'adi su bi gida-gida su tattara sunan kowane ɗalibi da malami da ma'aikaci da aka kashe a Damaturu da Mamudo da Gujba da Buni Yadi da Potiskum da Dapchi: sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu, ajinsa. A buga shi littafi da yardar iyaye, da Hausa da Kanuri da Turanci, a ajiye a ɗakin karatu na kowace makaranta. A haɗa da bayanin abin da ya faru a kowane dare daga bakin waɗanda suka gani, har da lokacin da aka nemi ɗauki da lokacin da ya iso. Duk wani rahoton bincike da ke cikin ofisoshin jiha a kan waɗannan hare-hare, a fito da shi, a cire abin da zai cutar da aikin soja kawai.

Muna roƙon a sa ranar 29 ga Satumba a kalandar makarantun jiha. Ba hutu muke nema ba. A taron safe a karanta sunayen, Musulmi su yi addu'a, Kirista su yi tasu, sannan a wannan ranar kowace makaranta ta yi gwajin fita daga ɗakunan kwana da azuzuwa, jami'an Sibil Difens da na kashe gobara su zo su duba, su rubuta abin da suka gani. A Gujba kuma a yi wani abu mai amfani da sunan yaran, rijiyar burtsatse ko gonar gwaji, kuma a ware guraben karatu kyauta ga ƙannensu da 'ya'yan 'yan'uwansu, a kai takardar har gida, domin uban da na ba ka labari ba zai zo ofis ya cika fom ba.

Roƙon da ya fi kowanne girma shi ne wannan. A zaman majalisar tsaro ta jiha, a yi yarjejeniya a rubuce cewa ba za a janye shinge ko jami'an da aka ajiye kusa da wata makarantar kwana ba sai an sanar da shugaban makarantar da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi, kuma a faɗi wanda ya karɓi wurin da sunansa. In gaggawa ta hana a kawo madadi, a ba shugaban makaranta ikon sallamar yara nan take ba tare da jiran takarda daga Damaturu ba, kuma kada a tuhume shi in dare ya wuce lafiya. Shugabannin makarantu da yawa tsoron takardar tuhuma ke sa su yi shiru. Haka kuma kada a sake kiran iyaye su mayar da yara bisa alkawarin tsaro sai jami'an sun riga yaran isa.

Sauran ba su da tsada in aka kwatanta da ginin sabon aji. A fara gyaran katanga daga bayan makaranta. Kowane ɗakin kwana a fasa masa ƙofa ta biyu da ake buɗewa daga ciki. A sa fitilun sola a kewayen ɗakunan, a sa jiniyar da mutanen gari za su ji. A ba kowace makaranta lamba ɗaya da aka tabbatar ana ɗauka da ƙarfe biyun dare, da rediyon oba-oba saboda ranar da layi ya ɗauke. A ɗauki matasa masu gadi daga cikin mafarauta da 'yan sa-kai na garin da makarantar take, a horar da su, a biya su a kan lokaci, dattawanmu kuma a bar su a ƙofar gaba da mutuncinsu. A koya wa malamai da manyan ɗalibai yadda ake tsayar da jini kafin a kai asibiti. Manyan makarantu su san unguwannin da ɗalibansu ke haya, su zauna da masu unguwanni da masu gidajen. A tura ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa su nemi waɗanda suka tsira. Sannan ma'aikatar kuɗi ta buga abin da ya shigo jihar da sunan tsaron makarantu tun daga 2014, da inda ya tafi.

Wa'adinka na biyu zai ƙare a watan Mayun 2027. Muna roƙon a fara tattara sunayen a wannan zangon karatu, a fara da ƙaramar hukumar Gujba, kuma a sa hannu a kan yarjejeniyar janye tsaro a zaman majalisar tsaro mai zuwa. In ofishinka ya buƙaci masu shiga ƙauyuka da takarda da biro, a cikinmu malamai akwai masu yi a lokacin hutu ba tare da alawus ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba ka ikon yi.

Wassalam.

Naka,
Malamin makarantar kwana a jihar Yobe, a madadin abokan aikinsa da wasu iyaye.